Jan Ɗigo a Jadawalin Abba

An ɗauke wutar ne daidai lokacin da Safiyya ta ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa.

Talabijin ya yi ɗif, fanka ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Ita kuwa tana durƙushe a tsakiyar falon mahaifinta da rimot a hannu, sai dannawa take yi, kamar dannawar ce za ta dawo da wuta.

Abin da ya rage a cikin dikodar nan, in Abba ya gani, tata ta ƙare.

Mahaifin nata, Alhaji Husaini, mai shagon shadda da atamfa ne a Babbar Kasuwa, gidansa a Doka. Larabci yake karantawa kamar ruwa, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Da ya sayi dikoda mai naɗar shirye-shirye, don kada tafsirin safe ya riƙa wuce shi yana kasuwa, Safiyya ce ta zama idonsa. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa gida ke kiranta Ummi, shi kuma bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

Duk Juma'a bayan Magariba zai ɗaga murya, “Uwata, zo ki karanta min.”

Sai ta zauna a gefen ƙafarsa ta buɗe jadawalin shirye-shirye a fuskar talabijin. Tashoshi a jere ta gefe, lokuta a sama, kowane shiri a cikin ɗan akwatinsa. Tana karantowa yana zaɓa: tafsiri, labarun kasuwa, da damben Lahadi da yake cewa don baƙi yake naɗa, alhali kowa ya san shi ke tsalle a kujera. Duk wanda ya zaɓa sai ta danna, jan ɗigo ya fito a jikin sunan, dikoda ta naɗe shi idan lokacinsa ya yi.

Shi kansa maɓalli uku ya sani, ita ta liƙa masa filasta a jikinsu: na buɗe abin da aka naɗa, na kunnawa, da na gogewa in ya gama kallo. Dabararsa ɗaya ce, na saman nan shi ne sabo, shi yake dannawa.

To, na saman nan yau ba tafsiri ba ne. Sharhabil ne.

Sharhabil shi ke gabatar da shirin Sana'ar Gado duk Asabar da hantsi, ana gama tafsiri shi ke biye. Tun suna karatu a Zariya suke son juna. Laifinsa ɗaya a wurin dangin Safiyya, mahaifinsa Malam Sama'ila mahauci ne a layin 'yan nama. Ranar da ya turo magabatansa, Gwaggo Balaraba, yayar Abba, ta kusa tashin gidan da faɗa, wai zuriyarsu ba ta taɓa haɗa jini da mahauta ba, kuma ba a kanta za a fara ba.

Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kiran Safiyya ya yi ya ce, “Ki ba ni zuwa bayan Babbar Sallah in yi bincikena. Kafin nan kada ki neme shi ta kowace hanya, ko ta ido ko ta kunne. In kika riƙe, zan duba maganarku. In kika karya, ta mutu, kuma kada wanda ya sake tayar min da ita.”

Hannunta a cikin nasa ta yi alƙawarin.

Ta riƙe kuwa, wallahi ta yi ƙoƙari. Ta goge lambarsa, ta daina bin hanyar gidan talabijin ɗin. Amma so ba ya jin rarrashi. Wata Juma'a tana karanta wa Abba jadawali idonta ya faɗa kan layin nan, Sana'ar Gado, sai ta tsallake shi. Washegari Abba na fita ta shigo ta danna ja a kansa. Dikoda ta tambaye ta, sau ɗaya ko duk lokacin da aka sa shirin? Ta zaɓi na biyun. Tun daga ranar, duk Asabar in ta gama aikin gida sai ta lallaɓo ta kalle shi, ta yi kukanta, ta goge kafin Abba ya dawo.

Yau ma ta kalla. Gogewar ce wuta ba ta jira ba.

Injin wutar gidan kuwa a kulle yake, makullin yana aljihun Abba. Ta shiga lallashin kanta: ai sai dab da Magariba yake dawowa, kafin nan an kawo wuta. Ba ta gama wannan tunanin ba ta ji hon a bakin get.

Ta san hon ɗin motar mahaifinta ko a cikin barci.

Ta jefar da rimot a kan kujera ta fita da gudu. Ta tagar kicin ta hango su suna fitowa: Abba, Gwaggo Balaraba da ƙatuwar jakarta, sai wani dogo cikin farar shadda yana riƙe mata ƙofa. Abdulmalik ne, hafsan sojan sama a Mando, ɗan ƙanin mijin Gwaggo, wanda take ta kai gwauro tana kai mari a kan sai ya auri Safiyya.

“Lafiya kike rawar jiki haka?” in ji Mama, wato Hajiya Uwani, tana juya miya.

Safiyya ta zube a gabanta ta riƙe mata ƙafa.

“Mama, na shiga uku. Shirin Sharhabil yana cikin dikodar Abba. Ni na naɗa.”

Mama ta saki ludayin a cikin tukunya. Ta dube ta, ta yi ƙasa da murya.

“Ummi, me kika yi? Mutumin nan ya bar miki ƙofa ɗaya, kika sa hannu kika rufe ta da kanki?”

“Kallo kawai nake yi, Mama. Ban kira shi ba, ban aika masa ba. Fuskarsa kawai nake son gani in san yana lafiya.”

“Ko ta ido ko ta kunne ya ce miki. Ina wurin.”

“Ki taimake ni. Ki shiga ki ɗauko min rimot ɗin.”

“In shiga falonsa da baƙo namiji a zaune, in ɗauko rimot, in ce masa me? Kuma kin fi kowa sanin halin babanki. Baƙo ba ya zama a falon nan bai kunna masa tafsirin safe ba, abin alfaharinsa ke nan.”

Safiyya ta kifa kai a gwiwar Mama tana kuka marar sauti. Abin da take tsoro ba duka ba ne, Abba bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Kallon da zai yi mata take tsoro, da kalma ɗaya da ya riga ya faɗa, ta mutu. Ga Gwaggo a zaune za ta zama shaida.

Can bayan gida inji ya yi tari sau biyu ya kama. Kwan kicin ya kawo haske. Ba ta taɓa ƙin ganin haske irin na yau ba.

Suka ji takun Abba ya wuce ɗakinsa zai sauya kaya, Gwaggo kuma ta shiga banɗaki tana mitar zafi. Safiyya ta miƙe zumbur, wannan ce damarta. Tana kaiwa ƙofar baranda ta yi turus.

Abdulmalik ne tsaye, rimot ɗin a hannunsa.

“Ranki ya daɗe,” ya ce yana murmushi. Muryarsa a kullum taushi gare ta, shi ya sa take ba ta tsoro. “Abba ya ce in tayar masa da dikoda kafin ya fito. Na tayar. Na kuma ga abin da ke sama.”



“Don Allah, Yaya Abdulmalik.”

“Ban ce komai ba tukuna. Gwaggo ta ba ni labarin sharaɗin da aka gindaya miki. Ni ba na son in ga kin tozarta, Safiyya. Yatsa ɗaya ne, in danna nan, shi ke nan, babu wanda ya gani sai ni da ke.”

“To ka danna. Don girman Allah ka danna, ba zan manta maka ba har in mutu.”

“Zan danna. Amma ni ma a duba ni. Tun yaushe nake zarya daga Mando zuwa gidan nan, ko ruwa ba ki taɓa miƙo min da fara'a ba? Ki shiga yanzu ki ce wa Gwaggo kin amince in turo. Kina faɗa ina gogewa.”

Hawaye suka sake ɓalle mata.

“Ka san zuciyata ba ta wurinka. Me za ka yi da macen da ka saya da tsoro?”

“Zuciya tana koyo,” ya ce. “In na bar shi ma ai kin rasa shi, kin kuma rasa yardar Abba. In na goge, abu ɗaya kika rasa. Ke mai ilimi ce, ki auna.”

Kai, akwai mugunta mai sanye da farar shadda. Ta tsaya tana kallon yatsansa a kan filastar da ita da kanta ta liƙa. Ta buɗe baki, Allah ne kaɗai ya san abin da zai fito, sai gyaran muryar Abba ya taho daga ɗaki.

Abdulmalik ya ɗaga gira, alamar yana jira. Ta kasa cewa e, ta kasa cewa a'a. Ya girgiza kai ya juya falo da rimot ɗin a hannu.

Ba a jima ba muryar da take jira ta zo.

“Uwata.”

Mama ta gyara mata mayafi. “Je ki. Duk abin da za ki yi, kada ki ƙara wani a kan wanda kika yi.”

Falon ya yi mata tsawo kamar ba za ta kai ba. Abba yana kan kujerarsa, Gwaggo ta baje a doguwar tana fifita da gefen mayafi, Abdulmalik a ƙasa kan darduma kamar mutumin kirki. A fuskar talabijin ga jerin abin da aka naɗa, layin sama ya yi haske. Ta durƙusa ta gaishe su, muryarta ba ta fita sosai.

“Takwarar Inna, wannan kumburin idon fa?” in ji Gwaggo.

“Albasa ce, Gwaggo.”

Abba ya miƙa hannu, Abdulmalik ya ba shi rimot. Maimakon ya danna na sama kamar yadda ya saba, sai ya miƙo mata.

“Karanta min na saman nan.”

“Abba, ai da ka bari na karanta maka,” in ji Abdulmalik.

“A'a. Aikinta ne.”

Rimot ɗin ya yi mata nauyi. Ga maɓallin gogewa a ƙarƙashin babban yatsanta. Tana iya cewa dikoda ce ta yi kuskure ta naɗo wani shirme, ta danna, kafin kowa ya ce uffan ya tafi. Abba ba zai iya karantawa ba, Gwaggo ma haka. Saura Abdulmalik, kuma ta san farashin shirunsa, har abada yana riƙe da ita.

Ta ɗago ta kalli mahaifinta. Bai kalli talabijin ba, ita yake kallo, irin kallon da yake mata duk Juma'a, na mutumin da ya miƙa idonsa ga wani.

“Sana'ar Gado,” ta ce. “Shirin Sharhabil ne, Abba. Ni na sa a naɗa. Ba yau na fara ba.”

Gwaggo ta dafe ƙirji. “Husaini, ka ji ko? Ka ji abin da nake faɗa maka? A falonka, a cikin akwatinka, ɗan mahauta!”

“Yaya, dakata.” Bai ɗaga murya ba. “Kunna.”

“Abba…”

“Kunna na ce.”

Ta danna. Kiɗan buɗe shiri ya tashi, sai ga Sharhabil ya cika fuskar talabijin, cikin shuɗin yadi, yana tsaye a wata rumfar maƙera yana sallama. Safiyya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan darduma. Ba mai motsi a falon. Ta jira kalmar nan ta faɗo mata.

Abba ya ɗan matso gaba, ya ƙanƙance ido.

“Yauwa, wannan ne ci gaban na tsohon maƙerin nan mai ciwon ido. Makon jiya a nan suka tsaya.”

Ta ɗago a firgice. Gwaggo ta saki baki. Murmushin Abdulmalik ya ɓace.

“Kashe,” in ji Abba. Ta kashe. Ya jingina da kujera.

“Shirin nan suna maimaita shi ranar Lahadi da sassafe. Ke ba ki sani ba, kina can kina shara. Akwatin nan kuwa abin da aka ce masa yake yi, an ce duk lokacin da aka sa shirin, to har maimaicin yake naɗewa. Ina dawowa daga masallaci na danna na sama ina jiran malam, sai ga yaron nan yana min sallama. Na kalla har ƙarshe, na goge. Lahadi ta zagayo, ga shi kuma. Kina gogewa ranar Asabar, ina gogewa ranar Lahadi.”



“Na ga wanda ya je rumfar mahaifinsa,” Abba ya ci gaba. “Na ga ya durƙusa har ƙasa a gaban duniya, ya karɓi wuƙa ya taya shi fiɗa, bai ɓoye ko ɗan wane ne shi ba. Ban raina yaron ba.”

“Husaini, kana nufin ka ce…”

“Yaya, da 'yata nake magana.”

Wani ɗan sanyi ya fara ratsa ƙirjin Safiyya, har ta kusa sakin numfashi. Sai ta ga idon mahaifinta ya kaɗa ya yi ja, abin da ba ta taɓa gani ba tun rasuwar kakarta.

“Duk Juma'a kina zaune a nan kina karanta min. In kin zo ƙarƙashin tafsiri sai muryarki ta yi sauri, ki tsallake layi ɗaya. Ga jan ɗigo a jikinsa, ni kuma ban zaɓe shi ba. Boko ne ban iya ba, ja na san shi. Ina ta jira ki tsaya a layin nan ki ce, Abba, na kasa. Da kin faɗa da mun san yadda za mu yi. Sai kika mai da ni makaho a falona.”

“Abba, ka yafe min.” Ta rarrafa ta kama ƙafarsa. “Tsoro na ji. Wallahi tsoro na ji kada ka ce ta mutu. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, amma kada ka daina yarda da ni.”

Bai janye ƙafar ba, bai kuma dafa kanta kamar yadda ya saba ba.

“Shi yaron ya san kina wannan?”

“Bai sani ba. Na rantse da Allah bai sani ba. Tun ranar da ka yi magana ko gaisuwa bai aiko ba.”

“To shi bai karya ba.”

Gwaggo ta buɗe baki, Abba ya ɗaga mata hannu ta mayar.

“Gobe in Allah ya kai mu zan shiga layin 'yan nama da ƙafata. Ni da Malam Sama'ila za mu zauna. Abin da zan faɗa masa ban gama yanke shi ba, kuma kada wanda ya tambaye ni.” Ya juya ga Abdulmalik. “Kai kuma, na ce ka tayar min da dikoda, ban ce ka kai rimot ƙofar kicin ba. Tagar ɗakina a kan barandar take. Ka gaida mutanen Mando.”

Abdulmalik ya miƙe yana laluben hularsa, ko sallamar kirki bai iya yi ba. Gwaggo ta ja jaka ta bi bayansa tana faɗin ba da ita za a yi wannan abin kunyar ba, kuma za ta tara dangi.

Falon ya rage daga uba sai 'ya. Safiyya tana durƙushe, ba ta san ko murna za ta yi ko makoki ba. Gobe za ta iya zama ranar da aka ba ta Sharhabil, za ta iya zama ranar da aka je aka sallame shi cikin mutunci. Ta ɗago tana neman amsa a fuskar Abba, ba ta samu ba.

Hannu ya miƙo mata. Ta yi sauri ta kai nata, a zatonta ɗaga ta zai yi.

“Rimot ɗin,” ya ce.

Ta ɗora masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya shafa filastar nan uku da babban yatsa, sannan ya zura shi a aljihun rigarsa, wurin da yake ajiye makullai.

“Ke, in kin fita ki turo min ƙanwarki Zahra'u. Daga wannan Juma'ar ita za ta riƙa karanta min.”

Ta miƙe da ƙyar ta nufi ƙofa. Tana tafiya tana jan ƙafa, ko zai kira ta da sunan nan da ya saba. Ta kai bakin labule ta ɗan tsaya.

Bai kira ba.